Gwajin kayan ado: mu daina ɗora wa Turawa laifi

Jama'a, duk sadda aka taso da maganar gwada sarƙa da 'yan kunne kafin a fitar da su waje, amsa ɗaya ake ji a Yamai: wai Turawa ne ke neman toshe mana kasuwa. Ni dai ban yarda ba. Ku zo mu duba abin da dokar tasu ta ce.

Dokar Tarayyar Turai mai suna REACH ta hana sayar da kayan ado idan dalmar da ke ciki ta kai kashi 0.05 cikin ɗari, wato rabin giram a kilo guda. Sinadarin kadmiyom kuwa iyakarsa 0.01 ce, tun 2011. Nikel, wanda ke sa kunne ƙaiƙayi har ya yi ruwa, shi ma da ma'auninsa. Kuma kowane ɓangare ake dubawa daban. Dutsen kiristal na gaskiya, duk da akwai dalma a cikin gilashinsa, an ɗauke masa wannan sharaɗi. Amma ƙarfen da ke riƙe da dutsen, da maɗaurin sarƙar, da abin da aka yi liƙi da shi, babu wanda ya tsira. Nan fa ake kama mutane. Sai ka ga azurfa mai kyau, aikin Agadas na a zo a gani, amma ɗan liƙin da bai kai ƙwayar gero ba ya jawo a ƙi kayan baki ɗaya.

To, wa wannan doka ta cuta? A 2006 wani yaro ɗan shekara 4 ya mutu a Amurka bayan ya haɗiye ɗan ƙarfen ado mai dalma. Kusa da mu, a Zamfara, gubar dalma daga haƙar zinariya ta kashe yara fiye da 400 a 2010. Kadmiyom kuma kafin ya kai ga mai saye, maƙerin ne ke shaƙar hayaƙinsa a bakin wuta, ya ci masa huhu da ƙoda. Haba! Abin da Bafaranshe ya ƙi sa wa 'yarsa, shi za mu huda kunnen jaririya mu maƙala mata?

Wasu za su ce gwaji na da tsada, maƙeri bai da hali. Gaskiya ne, kuma nan ne ya kamata faɗanmu ya koma. Maƙerin Wadata ko na gidan tarihi na Boubou Hama ba ya iya gane dalma da ido. Wanda ya narka tarkacen ƙarfe daga Katako ma bai san me ya shiga tukunyarsa ba. Alhali akwai na'ura, girmanta bai wuce a riƙe da hannu ɗaya ba, ana haska ta a jikin zobe, kafin minti guda ta faɗi ƙarafan da ke ciki. Muna da hukumar ANMC da aka ɗora wa kula da inganci da awo. Me zai hana a ajiye irin wannan na'ura a Wadata, maƙeri ya biya kuɗi kaɗan, a ba shi takardar shaida? A kai ta wurin bajekolin SAFEM ma, mata masu sana'a su amfana.

Ku tuna, masu yawon buɗe ido sun ja baya, kuma tun Janairun 2024 Amurka ta cire Nijar daga tsarin AGOA. Ɗan cinikin da ya rage ta intanet yake zuwa, kuma dillalin can takardar gwaji yake tambaya kafin farashi.

Kada kuma na'urar ta tsaya kan maƙera kaɗai. Sarƙoƙi masu ƙyalli da ake shigowa da su buhu-buhu ana zubewa a Babbar Kasuwa, waɗanda ake saya wa amare da yara ranar salla, su ya kamata a fara haskawa tun a hannun duwan.