Kuɗin haya na shiga, rufi na yoyo

Mai karɓar kuɗin haya ba ya makara. Wata na ƙarewa za a gan shi rumfa-rumfa da kundin resi a hannu, kuma wanda ya yi jinkiri ya san abin da ke biyo baya: kwaɗo a ƙofar shago. Amma ranar da kwanon rufi ya ɓule, ko magudanar ruwa ta toshe, ko wayar kuran ta soma tartsatsi, sai a nemi mai shago a rasa. Wannan kuka muna jin sa kullum daga ƴan kasuwar Maradi, Damagaram, Tawa da Yamai, haka ma daga masu haya a gidajen gwamnati.

To, gyaran nan a wuyan wa yake? Dokar kasuwanci ta OHADA, wadda Nijar ke aiki da ita kuma aka sabunta a 2010, ta raba gardama game da hayar wurin sana'a. Manyan gyare-gyare, wato bango, ginshiƙai, rufi, katanga da ramin masai, na mai ba da haya ne, da kuɗinsa. Ƙananan gyare-gyare na yau da kullum, na ɗan haya ne. Har ma ta ce idan mai wuri ya ƙi, ɗan haya na iya neman izinin alƙali ya yi aikin a kan asusun mai wurin. Sai dai kowa ya duba takardar da ya sa wa hannu, don mai shago da kwantaragi da mai tebur da ke biyan tikiti kowace rana ba matsayinsu guda ba.

Inda muke faɗuwa, jama'a, shi ne roƙo da baki. Hajiya mai atamfa ta tare wani ma'aikaci a hanya, ya ce mata "in Allah ya yarda mako mai zuwa", ta koma da murna. Gobe an canza masa wurin aiki, magana ta bi iska. Ku tuna a watan Afrilun 2024 aka rushe majalisun ƙananan hukumomi, kantomomi suka maye gurbin magadan gari. Alƙawari nawa ne ya tafi tare da masu shi? Takarda ita ce ba ta tashi daga biro.

Saboda haka a rubuta. Wanda bai iya ba, ɗansa ɗan lakwal ya rubuta masa. A sa lambar shago, abin da ya lalace da ranar da aka lura da shi. A yi kofi biyu, a kai ɗaya, a sa su buga hatimi da kwanan wata a kan ɗayar, a adana ta tare da resin haya. A ɗauki hoto da salula. Kuma a tafi tare, ta hanyar sandika ko shugabar mata ta layi, don takarda mai hannu talatin ba a jefa ta ƙarƙashin tebur kamar ta mutum guda. Abin da ba mu ba da shawara shi ne mutum ya riƙe kuɗin haya don haushi. Nan take mai gaskiya zai koma mai laifi, a kore shi da hujja.

Mu ma da namu. Mai jona kuran ta bayan fage da mai zuba shara a magudanar ruwa su ne ke ba hukuma bakin magana. Babbar kasuwar Yamai ta ƙone a 1982, sai 1987 aka sake buɗe ta. Ƙaramar kasuwa ta ƙone a 2012, ƴan kasuwarta suka warwatsu. Damanar 2024 kuwa ta ci rayuka fiye da 300 a ƙasar nan, har tsohon masallacin Damagaram ya rushe.

Ga hukumomi kuma: ku buɗe kundin koke-koke a kowace kasuwa, ku liƙa a bango nawa aka tara na haya da nawa aka kashe wajen gyara. Masu shagon da ke yoyo su kai takardunsu tun da rani, kafin hadarin farko ya haɗu.