Matatar RO a Gidan Tankin Sama: Ko da Busta, Ko a Haƙura

A 'yan shekarun nan wata na'ura ta fara samun gurbi a kicin ɗin gidajen masu rufin asiri a Kano da Kaduna da Abuja: matatar ruwan da 'yan kasuwa ke kira RO, wadda ake girkawa a ƙarƙashin wurin wanke-wanke da ɗan tankinta da siririn famfonta. Masu saye suna da hujja, domin sun gaji da jigilar fiya wata, ba su kuma natsu da ruwan burtsatsen gidansu ba. Abin da ke damuna shi ne ana sayar da na'urar iri biyu, mai busta da marar busta, a nuna wa mai saye marar bustan a matsayin sauƙi, alhali a galibin gidajenmu ba za ta yi aikin da aka saye ta dominsa ba. Ra'ayina shi ne, duk gidan da ruwansa ke gangarowa daga tankin sama, ko dai ya sayi RO da bustanta, ko ya bar kuɗinsa a aljihu.

Dalilin yana cikin yadda na'urar ke aiki. Abin da ke yin ainihin tacewar wani tantani ne da aka naɗe a cikin bututu, irin wanda Sidney Loeb da Srinivasa Sourirajan suka buɗe wa hanya a Jami'ar Kalifoniya ta Amurka wajen 1960. Tantanin yana barin ruwa ya wuce, ya tare gishiri da sauran sinadaran da suka narke a ciki, amma ruwan ba ya ratsa shi sai an matsa, kamar yadda gasara ba ta fita daga ƙyallen taci sai mai tata ta murɗe shi. Kamfanonin da ke ƙera tantanin gida suna auna shi a matsin da ke tsakanin 50 da 60 a ma'aunin psi, kuma ƙasa da 40 aikinsa yana lalacewa. Busta ɗan ƙaramin inji ne da ke karɓar ruwa mai rauni ya ɗaga matsinsa zuwa wajen 80 kafin ya isa tantanin.

To, nawa ne matsin ruwan gidajenmu? Lissafin ba shi da wuya. Kowace mita 10 ta tsayin tanki tana ba da kimanin psi 14. Tankin da aka ɗora a kan ƙarfe mai tsayin mita 6 bai kai psi 9 ba. Kafin nauyin ruwa shi kaɗai ya kai psi 40, sai tankin ya hau mita 28, wato tsayin bene mai hawa tara. Wannan ya isa amsa ga wanda zai ce a ƙara wa tankin tsayi kawai. Ɗan abin da ake da shi ma ana zaftare shi tun kafin a fara. Gishirin da ke cikin ruwa yana ja da baya da kusan psi 1 a kan kowane miligiram 100 a lita, don haka burtsatse mai miligiram 800 ya cinye psi 8 ke nan. Ɗan tankin ajiyar na'urar kuma yana zuwa da iska a cikinsa, mai turowa da psi 5 zuwa 7. A lokacin hunturu abin yana ƙara muni, domin ruwan da tantani ke fitarwa yana raguwa da kusan kashi 3 cikin 100 a kan kowane digiri ɗaya na sanyi.

Da a ce illar ta tsaya ga jinkirin cikar tanki, da an ce mai gida ya yi haƙuri. Amma akwai ɓarna biyu da ido ba ya gani. Ta farko asarar ruwa ce. RO tana raba ruwa kashi biyu, mai tsabta ya tafi tanki, mai ɗauke da gishirin ya bi magudana. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta ce na'urar gida ta yau da kullum tana zubar da galan 5 ko fiye a kan kowane galan ɗaya na sha, kuma idan matsi ya yi ƙasa rabon yana ƙara karkata wajen magudana. A garin da ake biyan ɗan ga-ruwa kuɗin kowace jarka, ko a ƙona fetur a janareto don a cika tanki, wannan almubazzaranci ne. Ta biyu ta fi tsorata ni. Gishirin da ke sulalewa ta tantani kusan yawansa ɗaya ne ko matsi ya hau ko ya sauka, ruwan da ke wucewa ne ke ƙaruwa da matsi ya sirka shi. Idan matsi ya faɗi, sai ɗan ruwan da ya fito ya zo da kaso mai yawa na abin da ake gudu. Uwa za ta haɗa wa jaririnta madara da shi hankali kwance, tana ganin ai an tace.

Za a ce ina wutar da za a kunna bustan? Tambaya ce ta gaskiya, sai dai injin bai kai yadda ake zato ba. Yana aiki da bolt 24, kuma abin da yake ja bai kai na fankar sama ɗaya ba. Tantanin da aka rubuta wa galan 75 a yini yana iya fitar da kusan lita 12 a awa idan ya sami matsin da ya dace, saboda haka awa uku na wuta sun isa ruwan sha da girkin gida mai matsakaicin iyali, tankin ajiya ya riƙe sauran. Ƙaramin farantin sola da batir suna ɗaukarsa. Batun tsada kuwa, araha ba ta ado. Wanda ya rage kuɗin busta ya biya cikakken kuɗin tantanin da ba zai yi aiki ba.

Akwai wani ƙorafi da na fi ba muhimmanci. Wasu suna jin kalmar busta sai su tuna da manyan injinan da ake jonawa kai tsaye a bututun gwamnati, a zuƙe ruwan layi a bar maƙwabta da famfo busasshe. Wannan zalunci ne, kuma yana da haɗari, domin zuƙar tana iya jawo ruwan kwata cikin bututun ta wuraren da ya fashe. Bustan RO dabam ne, ruwan da yake ja kaɗan ne, kuma daga tankin mai gida ya kamata ya sha. Amma shi ma yana da ƙa'ida. Dole ya zo da makunnin da ke kashe shi idan ruwa ya ƙare, da wanda ke tsayar da shi idan tankin ajiya ya cika. Mai gyaran da ya cire makunni na farko don matsin gidan bai isa ya tashe shi ba ya buɗe wa injin hanyar ƙonewa. Gidan da ma'auni ya nuna matsinsa ya kai 60 kuwa ba ya buƙatar busta ko kaɗan.

Saura masu cewa RO ɗin kanta ba dole ba ce. A gidaje da yawa gaskiyarsu. Ma'aunin ruwan sha na Najeriya ya amince da narkakkun sinadarai har miligiram 500 a lita, kuma a 2019 kotun muhalli ta Indiya ta umarci a hana amfani da RO inda ruwa bai kai wannan adadi ba, saboda asarar da take jawowa. Idan matsalar ruwanka ƙwayoyin cuta ce kawai, tafasawa ko kulorin sun fi sauƙi, su kansu masu ƙera RO suna gargaɗin kada a dogara da ita ita kaɗai a kan ruwan da ba a kashe ƙwayoyinsa ba. Amma tafasawa ba ta fitar da fuloraid ko naitiret, ƙara musu kauri ma take yi. Mutanen Tibiri ta jihar Maradi sun ga abin da fuloraid mai yawa a ruwan burtsatse ya yi wa ƙasusuwan ɗaruruwan yaransu, kuma an san yankunan Kaltungo da Langtang da irin wannan ruwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar fuloraid a miligiram 1.5 a lita, naitiret kuma 50. Inda ruwa ya haura haka, RO magani ce, kuma a nan ne raunin matsi ya fi zama haɗari.

Don haka, mai karatu, ka fara kai ruwan gidanka ɗakin gwaji kafin ka je kasuwa. Idan sakamako ya nuna kana buƙatar RO, ka sa a auna matsin famfonka, a girka na'urar da bustanta, a juya ruwan da take zubarwa zuwa durom don wanki da bayan gida. Kada ka cika wa mai girkawa kuɗinsa sai ya gwada ruwan shiga da na fita a gabanka, ka ga gishirin ya ragu da kusan kashi 90 cikin 100.