Gardamar asalin Linjila a kasuwa: a warware kaya kafin a saya

Duk mai zirga-zirga tsakanin Maraɗi da Jibiya, ko Birnin Ƙonni da Illela, ko Gaya da Malanbil, ya san cewa da zarar ciniki ya lafa, hira ke cin kasuwa, kuma a cikin hirarrakin babu mai saurin tara jama'a kamar gardama a kan asalin addinin Kirista da littafinsa. A shekarun 1990 kaset ɗin marigayi Ahmed Deedat na Afirka ta Kudu ne ke yawo rumfa-rumfa, musamman muƙabalarsa da Jimmy Swaggart a Amurka a 1986. Yau kuwa wayar salula ta gaji kaset, kowa na da guntun bidiyonsa a WhatsApp, Musulmi na da nasa, Kirista na da nasa.

Mu ba mu ga laifin a yi gardama ba, domin tsohuwar aba ce. Wajen shekara ta 781 Halifa Mahdi na Bagadaza ya zauna kwana biyu da shugaban Kiristocin Gabas, Timotawus, suka yi ta musayar hujja, aka tashi lafiya. Abin da muke kira gare shi shi ne a riƙa yi wa hujja abin da ɗan kasuwa ke yi wa haja. Babu mai sayen dilar atamfa daga Kwatano bai warware ya duba ba, amma sai ka ga mutum ya ɗauki labarin da ya shafi addinin maƙwabcinsa ya baza a duniya, bai tambayi inda aka samo shi ba. Akwai kaya iri uku da suka fi yawo a wannan gardama, kuma dukkansu suna da algus.

Kafin mu warware su, ga abin da masana tarihi, Kiristoci da waɗanda ba Kiristoci ba, suka fi haɗuwa a kai. Annabi Isa (AS), wanda Kiristoci ke kira Yesu Almasihu, ya rayu a ƙasar Falasɗinu a ƙarƙashin mulkin Rumawa, harshen jama'arsa kuwa Aramiyanci ne. Littattafai 27 na Sabon Alkawari da Girkanci aka rubuta su, bayan zamaninsa. Waɗanda suka fi daɗewa su ne wasiƙun Bulus, na wajen shekara ta 50 zuwa 60. Bisharar Markus ta zo wajen shekara ta 70, Matiyu da Luka wajen 80 zuwa 90, ta Yahaya kuma kusan ƙarshen ƙarnin farko. Saboda haka a wajen Kirista, Bishara labarin rayuwa da koyarwar Almasihu ce wanda mabiyansa suka rubuta da ja-gorar Allah, alhali a wajen Musulmi Linjila littafi ne da aka saukar wa Annabi Isa. Rabin hayaniyar da ake yi a rumfuna daga nan take tasowa: kalma ɗaya ce, amma kowa da ma'aunin da ya riƙe.

Kaya na farko shi ne labarin taron Nikiya. Ana cewa wai a shekara ta 325 Sarkin Rum Kustantin ya tara bishop-bishop, suka zaɓi Bishara huɗu, suka ƙone sauran, kuma a ranar aka ƙago cewa Almasihu Allah ne. Taron dai an yi shi, a garin da yau ake kira Iznik a ƙasar Turkiyya, kuma bishop wajen 300 suka halarta. Amma abin da ya tara su rigimar wani limamin coci ne na Iskandariya mai suna Ariyus, wanda ya ce Ɗan halitta ne, akwai lokacin da babu shi. Taron ya fitar da bayanin aƙida, ya yi magana a kan ranar bikin Ista, ya kafa dokoki 20 na tafiyar da coci. Dokokin suna nan har yau ana karantawa, babu ko ɗaya da ta lissafa littattafai. Rubuce-rubucen Ariyus ne sarki ya ce a ƙone. Littafin ƙagaggen labari na Dan Brown, The Da Vinci Code, wanda ya fito a 2003, shi ya ƙara baza wancan zance a duniya, har mutane suka ɗauka tarihi ne.

Shaidar tarihi ta riga Kustantin da nisa. Wajen shekara ta 112 wani gwamnan Rumawa mai suna Filini, wanda ba Kirista ba ne, yana ma hukunta su ne, ya rubuta wa Sarki Tarajan cewa Kiristocin lardinsa na taruwa da asuba suna yi wa Almasihu waƙa kamar abin bauta. Ke nan sama da shekara 200 kafin Nikiya. Wajen 180 kuma Bishop Iraniyus na Liyon, a Faransa ta yau, ya riga ya ambaci Bishara huɗun da sunayensu. Musulmi na da damar ya ce bai yarda da wannan aƙida ba, kuma addininsa ya ba shi hujjojinsa, amma cewa a 325 aka ƙirƙiro ta, tarihi bai goyi baya ba. Jerin littattafai 27 daidai yadda suke a yau, farkon inda aka same shi shi ne wasiƙar Bishop Atanasiyus na Iskandariya ta shekara ta 367, sannan taron Kartaj, a Tunisiya ta yau, ya tabbatar da shi a 397. Wato a hankali abin ya daidaita, cikin ƙarni uku, kuma ƙasar Afirka na da babban hannu a ciki.

Kaya na biyu shi ne littafin da ake kira Linjilar Barnaba, wanda wasu ke rantsuwa cewa shi ne na asali da aka ɓoye. Gaskiya ne wani jerin littattafan da coci ta ƙi, na wajen ƙarni na 6, ya ambaci wata bishara da sunan Barnaba, amma rubutunta bai iso ga kowa ba. Wanda ke hannun jama'a yau daga kwafi biyu ya fito: ɗaya da Italiyanci, yana ɗakin karatu na birnin Biyana a ƙasar Ostiriya, na wajen ƙarshen ƙarni na 16, ɗaya kuma da Sifaniyanci. Babu na Girkanci, babu na Aramiyanci. An fassara shi zuwa Turanci a 1907, zuwa Larabci a Alƙahira a 1908, daga nan ya bazu. Wanda ya rubuta shi bai san Falasɗinu ba, domin ya sa an shiga jirgin ruwa an sauka a Nazarat, alhali Nazarat gari ne a kan tudu, babu teku babu tafki. Ya ce shekarar gafara duk bayan shekara 100 take zuwa, alhali a Attaura shekara 50 ce, Fafaroma ne ya kawo ta 100 a shekara ta 1300. Abin da ya fi wannan, littafin ya sa Annabi Isa yana cewa shi ba Almasihu ba ne, alhali Alƙur'ani mai girma da wannan laƙabi yake kiransa. Musulmin da ya ɗauki wannan littafi ya je gardama, ya ɗauko sandar da za a doke shi da ita.

Kaya na uku a rumfar wasu masu wa'azin Kirista yake, masu cewa tun ranar da aka rubuta littafin ko wasali bai motsa ba. Malaman Kirista da kansu ba su faɗi haka ba. Kafin a ƙago injin ɗab'i, da hannu ake kwafe littafi, kuma kwafin Sabon Alkawari na Girkanci da suka rage sun haura 5,000. Tun a 1707 wani malami a Okusfod ta Ingila, John Mill, ya gwada kwafi wajen 100 ya lissafa bambanci kusan 30,000. Mafi yawansu kuskuren rubutu ne da sauyin jerin kalmomi, waɗanda ba sa canza ma'ana, amma akwai manya da ba a iya kau da kai daga gare su. Ayoyi 12 na ƙarshen Markus, wato sura 16 aya 9 zuwa 20, babu su a manyan kundaye biyu na ƙarni na 4, na Sina'i da na Batikan. Haka labarin matar da aka kama da zina, a Yahaya 7:53 zuwa 8:11, babu shi a cikinsu. Jimlar da ke wasiƙar Yahaya ta fari 5:7, wadda aka daɗe ana kafa hujjar Triniti da ita, Irasmus bai sa ta a bugunsa na Girkanci na 1516 ba, don bai gan ta a kwafin da ke hannunsa ba, sai a bugu na uku na 1522 ya shigar da ita. Daga nan ta shiga fassarar Sarki James ta 1611, kuma masu gyaran fassarar suka cire ta a 1881.

Sai dai a nan ma a yi adalci. Su wa suka tono waɗannan wurare? Malaman Kirista ne, kuma ba su ɓoye ba, suna nan a ƙasan shafi a yawancin bugun zamani. Kundin Sina'i, wanda Tischendorf ɗan Jamus ya gano a gidan ibadar Santa Katarina a 1844 da 1859, Ingila ta saye mafi yawansa daga Tarayyar Sobiyet a 1933 a kan fam 100,000, kuma tun 2009 hotunan shafukansa suna intanet, kowa na iya dubawa. A ƙarshensa akwai littattafai biyu da ba sa cikin Baibul na yau, ɗayansu Wasiƙar Barnaba, wadda ba ta da alaƙa da waccan Linjilar Barnaba sai suna. Haka littattafan da aka tono a Nag Hammadi ta Masar a 1945, ciki har da Bisharar Toma mai zantuka 114, an buga su an fassara. Na Tekun Gishiri da aka fara ganowa a 1947 kuwa na Yahudawa ne, babu Sabon Alkawari a cikinsu, kuma kundin Ishaya da aka samu a ciki, wanda ya girmi kwafin da aka sani da shekara wajen 1,000, ya yi kusa ƙwarai da su. Ke nan shaidar tana da abin da zai daɗaɗa wa kowane ɓangare, tana kuma da abin da zai sa shi ya rage murya.

Wani zai ce, to ina ruwan ɗan kasuwa da wannan dogon tarihi, alhali addininsa ya riga ya gaya masa abin da zai yarda da shi? Amsarmu ita ce malaman Musulunci na da can ba su ɗauki abin da wasa ba. Ibn Hazam na Andalus, wanda ya rasu a 1064, ya zauna ya karanta littattafan kafin ya ce an sauya lafazinsu. Wasu malaman kuma sun tafi a kan cewa ma'ana aka fi karkatarwa. Albiƙa'i, wanda ya rasu a 1480, har ciro nassoshinsu ya yi ya sa a tafsirinsa. Sun saɓa, amma kowannensu ya karanta kafin ya yi magana. Littafi Mai Tsarki kuwa yana nan cikakke da Hausa tun 1932, don haka mai son ya ce aya kaza ta ce kaza, ba shi da uzurin rashin harshe.

Tarihi na da iyakarsa. Yana iya gaya mana shekarun takarda, da harshen da aka yi rubutu, da wanda ya fara ambatar wani littafi. Ba ya iya yanke hukunci a kan wahayi, ko a kan wane ne Almasihu a wurin Allah. Wannan fagen imani ne, kuma a nan Musulmi da Kirista sun rabu, babu amfanin a yi kamar ba su rabu ba.

Abin da ya sa muka damu shi ne kasuwar kan iyaka a kan amana take tsaye. Alhaji na karɓar kayan gyaran babur bashi daga wajen Inyamuri Kirista, ɗan Benin na barin buhunan garinsa a shagon Bahaushe ya tafi gida ya yi barci, direban da ke kai albasar Galmi Abijan ko Akara yakan kwana a hannun wanda ba addininsu ɗaya ba. Mun ga abin da ya faru a Damagaram da Yamai a watan Janairun 2015, lokacin da fushi a kan zanen ɓatanci na wata jaridar Faransa ya huce a kan maƙwabtan da ba su san hawa ba ba su san sauka ba, aka ƙone majami'u da dama, mutane 10 suka rasa rayukansu. Ba gardamar littafi ce ta kunna waccan wuta ba, amma idan aka shekara ana gaya wa yaro cewa maƙwabcinsa maƙaryaci ne da gangan, ranar da aka ƙyasta ashana ba ya tsayawa tambaya.

Don haka muna ba da shawara uku. Idan aka turo maka bidiyo, ka tambayi shekara, da wuri, da sunan littafin da aka ciro zancen, in babu, kada ka tura gaba. Idan za ka faɗi abin da maƙwabcinka ya yi imani da shi, ka faɗe shi yadda shi da kansa zai ce e, haka ne. Masu loda wa'azi a waya a tashoshi kuma su tuna cewa haja suke sayarwa, kuma mai sayar da jabu ba ya daɗewa a kasuwa. Limamai da fastoci na garuruwan kan iyaka su ma su taimaka, su riƙa tsawata wa ƴan wa'azinsu idan suka ɗauko labarin da ba shi da tushe, ko da kuwa labarin na goyon bayan ɓangarensu ne.

Allah ya ba mu kasuwa mai albarka, ya zaunar da ƙasashenmu lafiya.