Kyandir da Fentin Ruwa: Darasin da Bai Kamata a Raina Ba

Daga cikin abubuwan da iyaye da malamai da yawa suke ɗauka ɓata lokaci ne, ko kuwa wasan da ake ba yaro don ya bar mutane su huta, akwai zane da shafa launi a takarda. Alhali kuwa duk wanda ya tsaya ya yi tadabburi a kan ɗan aikin nan da yara ke yi da kaki da fentin ruwa, inda suke fitar da surar bakan gizo, zai tarar a cikinsa akwai ilmi da tarbiyya irin waɗanda hadda da maimaitawa kaɗai ba su iya bayarwa. Ra'ayina shi ne, ya cancanci a ba shi gurbi a makarantun firamare da na Islamiyya da kuma cikin gidajenmu.

Ga yadda ake yi. Yaro zai sami farar takarda mai ɗan kauri da guntun farin kyandir, ya danna da ƙarfi ya ja layuka masu lanƙwasa, ɗaya ƙarƙashin ɗaya, ya ƙara gajimare da ɗigon ruwan sama, ko ma ya rubuta sunansa, duk kuwa da cewa ba ya ganin abin da hannunsa ya yi, domin fari ne a kan fari. Sa'an nan ya tsoma buroshi a fenti mai ruwa-ruwa ya bi takardar da shi. Nan take sai layukan su bayyana farare fes a tsakanin launuka, fentin da ya hau kan kakin kuwa ya dunƙule ƙanana-ƙanana ya ƙi zama. A daidai nan ne yaro yakan ɗaga kai ya ce, "Malam, me ya sa nan bai kama ba?" Wannan tambaya ita ce ribar aikin duka, domin yaron da ya nemi dalili da kansa ya riga ya shiga ƙofar ilmi.

Amsar kuwa mai sauƙi ce: kaki ɗan'uwan mai ne, ba ya gauraya da ruwa, saboda haka inda ya toshe fuskar takarda ruwa ba ya samun hanyar shiga. Yaro zai iya jarraba wannan hujja da hannunsa, domin idan ya ja kyandir sama-sama fenti zai ratsa, idan ya danna sosai layin zai fito sarai. Ta haka yake gane alaƙar sababi da sakamako tun bai san sunansu ba. Haka nan idan aka ba shi launi uku kacal, ja da rawaya da shuɗi, zai gano cewa ja da rawaya suna haifar da ruwan lemo, rawaya da shuɗi suna ba da kore, ja da shuɗi kuma shunayya.

Bayan haka sai tartibin launukan bakan gizo, wanda yake ba na son rai ba ne: ja a waje, shunayya a ciki, kuma ba a ganin bakan sai rana tana bayan mai kallo, ruwa yana gabansa, saboda kowane ɗigo yana karya hasken rana ya rarraba shi ya mayar da shi ga ido. Ya kamata 'ya'yanmu su ji cewa malamin nan na Farisa, Kamaluddin al-Farisi, wanda ya yi sharhin littafin Ibn al-Haisam a kan ilmin gani, ya bayyana wannan mas'ala a farkon ƙarni na 14 ta hanyar cika ƙwallon gilashi da ruwa ya sa shi a haske. Daga baya Isaac Newton na Ingila, a littafinsa na 1704, ya nuna cewa farin haske taron launuka ne.

Ita kanta dabarar kare wani wuri daga launi ba baƙuwa ba ce a gare mu. Marina a Ƙofar Mata ta Kano suna ɗaure yadi da zare kafin su tsoma shi cikin baba, Yarabawan Abeokuta suna shafa kunun rogo a kan adire, mutanen tsibirin Jawa a Indonesiya suna amfani da narkakken kaki, kuma daga kwaikwayon aikinsu ne atamfa ta samo asali. Yaron da ya fahimci sirrin kyandir ya fahimci tushen waɗannan sana'o'i.

Masu shakka suna kawo uzuri biyu. Na farko shi ne tsoron hukuncin zane a shari'a. To, maganar fuƙaha'u a kan surar abu mai rai take, amma itace da duwatsu da gajimare babu laifi a zana su, kamar yadda aka ruwaito daga fatawar Abdullahi ɗan Abbas, Allah Ya yarda da su, kuma Alƙur'ani mai girma ya ƙirga saɓanin launuka cikin ayoyin Allah ga masu tunani. Na biyu shi ne tsada, wannan kuwa ba hujja ba ce, tunda guntun kyandir ba ya wuyar samu, bular wanki tana ba da shuɗi, gangamau rawaya, karan dafi ja, auduga a bakin tsinke kuma ta isa buroshi.

Saboda haka ina kira ga shugabannin makarantu su ware ko da sa'a guda a mako domin irin wannan aiki, iyaye mata kuma su zauna tare da 'ya'yansu su yi shi, kada su tsawata don an jiƙa tabarma ko an ɓata riga. Idan yaro ya tambayi dalili, a amsa masa da haƙuri. Idan damina ta zo bakan gizo ya fito, a fitar da yaron waje ya gwada abin da ya zana da abin da Mahalicci Ya tsara.