Kyan Ɗa Ya Gaji Ubansa: Tsakanin Dragon Age Na Ɗaya Da Na Biyu

'Yan uwanmu masu ɗauko kayan lantarki daga Abijan zuwa kasuwannin kan iyaka irin su Gaya da Kamba da Birnin Ƙonni da Illela da Ɗan Issa da Jibiya sun san cewa akwai wata haja da ta kutsa cikin kaya tun shekarun baya, wato na'urorin wasan bidiyo da faya-fayansu. A Adjame, musamman wurin da ya yi suna da Black Market, da kuma shagunan layin Rue 12 na Treichville, akan ci karo da tulin tsofaffin faya-fayan PlayStation da Xbox da suka tsallako daga Turai, irin kayan da mutanen can ke yi wa laƙabi da France au revoir. Mafi yawan masu saye ƙwallon ƙafa suke nema, to amma a cikin tulin akwai wani nau'i na daban da ake kira RPG, inda ɗan wasa ke shiga rigar wani jarumi a wata ƙagaggiyar duniya ta takubba da matsafa da dodanni, yana yanke shawara, labari yana juyawa gwargwadon abin da ya zaɓa.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wata al'ada da ta zama ruwan dare a tsakaninmu. Da zarar mai saye ya ɗago faifai biyu masu suna ɗaya, ɗaya da lamba 2 a jikinsa, sai ka ji mai shago ya ce, "Ai wannan ne sabo, ya fi wancan." Ba ya san abin da ke ciki ba ne, lambar kawai ya gani. Ina so in yi amfani da wasanni biyu, Dragon Age: Origins da Dragon Age II, in nuna cewa wannan magana tana iya zama zalunci ga mai saye, tana kuma iya zama asara ga mai sayarwa.

Kamfanin BioWare da ke birnin Edmonton na ƙasar Kanada ne ya yi su duka biyun, a ƙarƙashin babban kamfanin nan na Amurka, Electronic Arts, wato EA, wanda kowane yaron shago ya sani saboda wasan ƙwallon FIFA. Na farkon ya fito a watan Nuwamba na 2009, a kan kwamfuta da PlayStation 3 da Xbox 360. Tun a 2004 aka ba da sanarwar ana aikinsa, ke nan an shafe fiye da shekara biyar ana ƙera shi. Na biyun kuwa ya fito a watan Maris na 2011, wata 16 kacal bayan na farko. Mai karatu ya riƙe waɗannan lambobi biyu, domin kusan duk bambancin da za mu zayyana daga nan ya samo asali.

A cikin na farko, tun kafin a fara ɗan wasa yake zaɓar asalinsa daga cikin guda shida. Yana iya zama ɗan sarauta a cikin mutane, ko matsafi da aka tsare a hasumiya tun yana yaro, ko ɗan jinsin Elf na unguwar talakawa ko na daji, ko wada ɗan gidan sarki, ko wada marar galihu. Kowane asali da nasa mafarin labarin, kuma yadda mutanen cikin wasan za su karɓe ka ya danganta da inda ka fito. Daga nan sai a ɗauke ka cikin rundunar Grey Wardens, waɗanda aikinsu shi ne tare wata annoba ta dodanni da ke ɓullowa daga ƙarƙashin ƙasa. A yaƙin Ostagar babban kwamanda Loghain ya janye dakarunsa ya bar Sarki Cailan ya mutu, sai nauyin haɗa kan ƙasar Ferelden ya faɗo a wuyanka. Za ka bi garin Redcliffe, da dajin Brecilian, da birnin wadanni na Orzammar da ke cikin dutse, da babban birni Denerim, kowane wuri da kamanninsa da rigimarsa. Faɗan cikinsa kuma na lissafi ne, ana tsayar da wasa a tsara wa kowane abokin tafiya abin da zai yi. Wanda ya sayi wannan faifai ya sayi abin da zai ci masa fiye da awa 40 bai gama ba.

Na biyun ya ɗauki wata hanya. Babu zaɓen asali, kowa Hawke ne, ɗan Adam, namiji ko mace. An ba shi murya, an saukaƙa hira ta koma zaɓi tsakanin lallashi da barkwanci da zafin kai. Faɗa ya ƙara sauri da ƙyalli, abin da ya yi wa masu riƙe da madannin hannu daɗi, amma abokan gaba sai su riƙa faɗowa rukuni-rukuni daga sama, ta yadda duk tsarin da ka yi zai wargaje. Ba ka da ikon canza wa abokan tafiyarka sulke yadda kake so. Kusan dukkan labarin a birni ɗaya yake, Kirkwall, da 'yan wuraren da ke kewaye da shi. Babban abin da ya fusata masu saye shi ne maimaita wurare. Kogo ɗaya ne za a kai ka sau da yawa da sunaye daban-daban, a toshe wannan ƙofa yau, a buɗe waccan gobe, alhali taswirar da ke gefen allo tana nuna maka cewa wurin jiya ne. Haka ɗakin ajiyar kaya, haka gidan attajiri. A ƙarshen labari ma, ko ka goyi bayan matsafa ko masu tsaronsu, sai ka yaƙi shugabannin ɓangarorin biyu. Hausawa sun ce sauri ya haifi nawa.

Kasuwa ba ta ɓoye hukuncinta ba. Na farko ya haura kwafi miliyan 3 cikin 'yan watanni. A dandalin Metacritic, inda ake tattara makin masu sharhi, na kwamfuta ya samu 91 cikin 100, na biyun ya samu 82. Na biyun ya wuce kwafi miliyan 1 cikin mako biyu, sai dai duk ɗan kasuwa ya san ma'anar irin wannan ciniki na ranar farko: mutane sun biya ne saboda daɗin da suka ji a hajar baya, tun kafin su ɗanɗana sabuwar. Da ƙorafi ya yi yawa, a 2012 kamfanin ya soke wani babban ƙari da ya shirya wa wasan mai suna Exalted March. Sai da ya koma ya ɗauki lokaci, ya fito da na uku, Inquisition, a watan Nuwamba na 2014, da faffaɗan filaye da damar zaɓen jinsi kamar da, sannan ya ci kyautar gwarzon wasan shekara a bikin The Game Awards. Wato sai da aka kashe shekara uku da rabi kafin a gyara ɓarnar da gaggawar wata 16 ta yi.

To sai dai kuma adalci ya wajaba, domin akwai inda ƙanen ya fi wan, kuma wurin ya shafe mu kai tsaye. Labarin na farko tsohon zance ne, jarumi ya tara runduna ya ceci duniya daga dodo. Na biyun labarin baƙo ne. Hawke ɗan gudun hijira ne da ya tsere daga garin Lothering da mahaifiyarsa da ƙannensa, ya rasa ɗaya a hanya, ya iso Kirkwall ta jirgin ruwa ya tarar an rufe ƙofa saboda baƙi sun yi yawa. Kawunsa Gamlen da suka dogara da shi ya riga ya salwantar da gidan gado a caca. Don a bar su su shiga, sai da Hawke ya yi wa 'yan fasa-ƙwauri ko sojojin haya bautar shekara guda. Bayan nan ya bi lungu-lungu yana ƙananan ayyuka har ya tara zinare 50, ya zuba jari a wata tafiyar neman dukiya, abokin cinikin nasa Bartrand ya ci amanarsa ya rufe shi a cikin rami. Ya tsira, ya yi arziki, ya sayi gida a unguwar manya, amma rigimar birnin da ba shi ya haddasa ta ba ta zo ta same shi har gida.

Wane Bahaushe ne ya sauka a tashar Adjame da jakarsa ɗaya, ya kwana a gaban shagon wani ɗan garinsu, ya fara da tallan agogo ko tuyar kifin garba, da zai ce bai gane wannan labari ba? Kirkwall birni ne na bakin teku mai tashar jiragen ruwa, kamar yadda Treichville ke maƙwabtaka da tashar Abijan. Wani abin lura kuma, a daidai watan Maris na 2011 da wasan ya fito, Abijan tana cikin rikicin bayan zaɓen 2010, wanda bai lafa ba sai bayan kama Laurent Gbagbo ranar 11 ga Afrilu. Baƙi 'yan Afirka ta Yamma da dama sun rasa rayuka da dukiya a wancan lokaci a kan rigimar da ba su suka ƙulla ta ba. Marubutan Kanada ba Abijan suke nufi ba, amma sun taɓo gaskiyar da mazaunin zango ya fi su sani. Wannan ne ya sa da shekaru suka ja, mutane da yawa suka sassauta hukuncinsu a kan na biyun, suna yaba labarinsa da abokan tafiya irin su Varric, wadan nan mai bakin zuma da ke ba da labarin gaba ɗaya.

Saboda haka ra'ayina shi ne, na farko ya fi cika haja, na biyu ya fi kusa da zuciyar ɗan ci-rani. Laifin na biyun shi ne an sa masa rigar wansa alhali bai kai girmanta ba. Da an fitar da shi da suna na daban, a matsayin ƙaramin labari na gefe, da bai sha zagin da ya sha ba. Wani zai ce ai duk wannan matsalar Turawa ce, mu namu mu sayar mu karɓi kuɗi. Amsata ita ce, yaron da ya tara jikkarsa ta sefa ko 'yan nairorinsa na wata guda ya zo wurinka, kai ya sani, bai san Edmonton ba. Idan ya je gida ya ga ba abin da ka faɗa masa ba ne, sunanka ne zai ɓaci a majalisarsu.

Ga abin da ya kamata mai wannan haja ya sani kafin ya buɗe baki. Da farko, duka biyun wasannin karatu ne da sauraron hira, don haka a duba harshen da ke bayan kwali. Wanda ya zo daga Faransa zai yi wa ɗan Maraɗi ko Dosso daidai, amma yana iya zama wahala ga ɗan Katsina ko Sakkwato da Turancin Ingilishi ya karanta. Na biyu, faya-fayan na PlayStation 3 ne, ba sa aiki a kan PlayStation 4, don haka kada a ce wa mai sabuwar na'ura ya je ya gwada. Na Xbox 360 kuwa suna tafiya a kan Xbox One da Series X, amma sai an haɗa da intanet an sauke. Na uku, a jikin kwalin Turai akwai lamba 18 ta hukumar PEGI, ma'ana ba na yara ba ne, saboda zubar da jini da al'amuran manya da ke ciki. Idan uba ya zo saya wa ɗansa ɗan shekara 10, a gaya masa gaskiya a nuna masa wani. Na huɗu, a tambayi mai saye abin da yake so. Mai son doguwar tafiya da tsara yaƙi a ba shi na farko, mai son faɗa da sauri da labarin iyali a ba shi na biyu, a kuma faɗa masa tun a shago cewa zai ga ana maimaita wurare.

Darasin bai tsaya kan faifai ba. Mu kanmu muna yin irin abin da aka yi wa Dragon Age. Mutum zai kawo caja ko rediyo ko batir mai kyau a zuwan farko, jama'a su yaba, kasuwa ta buɗe. A zuwa na biyu sai ya nemo mai araha a cikin kwali iri ɗaya, ya sayar a kan farashin da, yana murna riba ta ninka. Cinikin makon farko zai yi kyau, domin amanar da ya tara ce yake ci. A zuwa na uku ko da ya dawo da na ƙwarai sai ya yi ta rantsuwa ba a yarda ba. Kamfani mai dukiya irin EA ya iya jure shekaru yana gyara sunansa, kuma ko shi, da na huɗu mai suna The Veilguard ya fito a Oktoba 2024 bayan jiran shekara 10, ya sanar a farkon 2025 cewa 'yan wasa kusan miliyan 1.5 ya samu, kimanin rabin abin da ya yi tsammani. Mai tebur ɗaya a Illela ko Adjame ba shi da wannan ƙarfin.

Daga ƙarshe ina kira ga shugabannin 'yan kasuwarmu da iyayen gida masu shaguna, su riƙa sa yaransu su san hajar da suke sayarwa, ko da ta hanyar kunna ta sau ɗaya ne kafin a jera ta. Idan ba ka san bambancin na ɗaya da na biyu ba, ka ce ba ka sani ba, ka bar mai saye ya zaɓa da kansa. Allah Ya ba mu kasuwa mai albarka, Ya kai matafiyanmu gida lafiya.