Zuwa ga Malaman Firamare na Kajiji da Kewaye

 

Wata ɗabi'a ce ta sa na ɗauki alƙalami. A makarantunmu da dama, da zarar lokacin Tarihi ko Hausa ko Nazarin Zamantakewa ya yi, sai a ce yara su ɗauko tsintsiya, ko a cike gurbin da Lissafi saboda jarrabawar shiga sakandare. Laifin ba naku ba ne ku kaɗai. Gwamnatin Tarayya da kanta ta yi shekaru da zare Tarihi daga manhaja, sai a 2022 ta ƙaddamar da dawo da shi, littattafan kuma har yanzu sai a hankali.

To amma ku da ke wannan yanki, rashin littafi bai isa uzuri ba. Ga Sifawa nan daura da Boɗinga, inda Shehu Usmanu ya zauna yana karantarwa kafin ya koma Sakkwato a 1815. Ƙanensa Malam Abdullahi ma a Boɗinga ya zauna kafin Gwandu. Yaro nawa ne a ajinku ya bi ta can a motar kasuwa bai san inda ya ratsa ba?

Ku tuna da Alhaji Shehu Shagari, Allah ya jiƙansa. Kafin ya hau mulki a 1979, abokin sana'arku ne: a Yabo ya yi elemantare, ya riƙe alli a Midil ta Sakkwato, ya yi hedimasta a Argungu. Ƙasar nan da garuruwanta da kogunanta ya tsara su a Waƙar Nijeriya, da Hausa, yadda yaro zai rera ya riƙe. Na fi ganin girmansa a nan, ko da wasu za su ce na yi son kai irin na masu alli.

Ga abin da nake roƙo. Ranar Alhamis ku tura 'yan aji biyar wajen kakanninsu, su tambayo yadda unguwarsu ta samo sunanta da wanda ya haƙa tsohuwar rijiya, su rubuto da Hausa. Ranar Litinin za ku ji labari ya kasu uku ko huɗu. Kada ku yi saurin raba gardamar. Ku tambayi kowane yaro wa ya faɗa masa, shi kuma a bakin wa ya ji, sannan ku bar su su yi musu har a kaɗa ƙararrawa.

Daga
wani tsohon ɗalibinku.