Tari ko atishawar baibai? Abin da ya kamata mai ƙaramin kare ya sani a lokacin hunturu

A makon da ya gabata, bayan sallar isha'i, wani maƙwabcina a Gwarinpa ya buga mini ƙofa hankalinsa a tashe. Ya ce, "Malam, don Allah zo ka gani, karen yaran nan ya haɗiye ƙashi, zai mutu." Na iske 'yar ƙaramar kariyarsu, irin masu yawan gashin nan da ake kira Lhasa, ta ƙame a tsakar gida ta miƙar da wuya, tana zuƙar iska da ƙarfi ta hanci, ƙara na fita kamar minshari. 'Yarsa mai shekara tara tana gefe tana kuka, shi kuma ya riƙe cokali zai buɗe mata baki ya zura yatsa ya lalubo ƙashin. Na ce masa, "Alhaji, ajiye cokalin nan, kada ka sa hannu." Kafin mu gama magana abin ya wuce, kariya ta girgiza jiki ta nufi kwanon ruwanta kamar ba abin da ya faru.

Na san a cikin masu karatu akwai da yawa da ba sa ajiye kare, hukuncin ajiye shi a gida kuma maganar malamai ce. Amma duk wanda yake zaune a Abuja ya san gidajen da ke da ƙananan karnuka sun yawaita, daga Maitama da Wuse har Kubwa da Lugbe, wasu don su yi haushi idan baƙo ya shigo, wasu kuma yara ne suka matsa aka saya. Dabbar da ke hannunka amana ce. Bayan haka akwai lafiyar yaran da ke wasa da ita, ko da kuwa ta maƙwabta ce.

Abin da ya sami kariyar maƙwabcina shi ne abin da za mu iya kira atishawar baibai. A atishawar da muka sani, iska waje take fita da ƙarfi. A wannan kuwa ciki ake jan ta. Idan ƙura ko hayaƙi ko wani ƙamshi mai ƙarfi ya taɓa lallausan naman da ke can bayan hanci, kusa da maƙogwaro, sai wurin ya ɗaure na ɗan lokaci, kare ya riƙa fizgar iska don ya kawar da abin da ya dame shi. Yawanci daƙiƙa kaɗan ne, da wuya ya haura minti ɗaya. Bakinsa a rufe yake, ba ya faɗuwa, ba ya suma, da zarar ya wuce kuma sai ya ci gaba da harkarsa. An fi ganin sa a ƙananan karnuka da masu gajeren hanci, irin su Lhasa da Shih Tzu da Pug da Chihuahua, domin hanyar iskarsu matsattsiya ce.

Ba mamaki abin ya fi yawa a wannan lokaci. Daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu tana kwaso ƙura daga Sahara ta lulluɓe garin, har wani lokaci hazo yakan hana jirage sauka a filin jirgin sama na Nnamdi Azikiwe. Karen da tsayinsa bai kai gwiwa ba, hancinsa yana daf da ƙasa, inda ƙurar take kwanciya. Ƙara da abubuwan da muke yi a gidajenmu: turaren wuta da uwargida take kunnawa ta rufe tagogi, maganin sauro na kunnawa da na fesawa, hayaƙin janareto da aka ajiye kusa da kejin kare, da sharar tsakar gida ba tare da an yayyafa ruwa ba. Zumuɗi ma yana tayar da shi, kamar lokacin da yara suka dawo daga makaranta, haka nan cin abinci ko shan ruwa da gaggawa.

Idan abin ya zo, ka fara da kwantar da hankalinka, domin ihun mutanen gida yana ƙara firgita dabbar. In kare naka ne, ka san halinsa, kuma an yi masa rigakafi, ka shafa masa wuya a hankali daga sama zuwa ƙasa don ya haɗiyi miyau. Haɗiyar ce takan yanke abin. Fitar da shi inda iska take da tsabta. Ɗauki wayarka ka yi bidiyon abin, domin da wuya ya yi a gaban likita, bidiyon kuma zai nuna masa abin da bayaninka ba zai iya nunawa ba. Idan sau ɗaya ne a mako ko a wata, babu buƙatar magani. Idan ya zama kullum, ko ana ganin majina ko jini a hanci, musamman ta kafa ɗaya, ko karen yana ta sosa fuska, sai a kai shi a duba ko wani abu ne ya maƙale a ciki, kamar tsinken ciyawa.

Tari kuwa daban ne, kuma shi ne ya fi cancantar a damu da shi, duk da bai kai atishawar baibai tayar da hankali ba. A tari iska waje take fita, baki a buɗe, sau da yawa ya ƙare da kakarin amai ko ɗan farin kumfa. Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza. Ga abubuwa huɗu da suka fi jawo shi a ƙaramin kare.

Na farko, lanƙwashewar bututun iska. Bututun da ke kai iska huhu, zobba ne na guringuntsi suke riƙe da shi a buɗe. A wasu ƙananan karnuka, musamman Pomeranian da Yorkshire da Chihuahua, zobban suna yin laushi yayin da shekaru ke tafiya, sai bututun ya riƙa matsewa. Tarin busasshe ne, mai ƙara kamar kukan agwagwa, yana tashi idan an ja igiyar wuya, ko karen ya yi gudu, ko ana tsananin zafi irin na Maris da Afrilu. Ba ya warkewa gaba ɗaya, amma ana rayuwa da shi shekaru. Cire abin wuya a koma ɗamarar da ke zagaye ƙirji, da rage masa ƙiba, suna kawo sauƙi sosai. Ragowar shinkafa da kitse da yara ke jefa masa a ɓoye ba gata ba ne.

Na biyu, tarin da karnuka ke ɗauka a junansu, a wurin aski da wanka, ko inda aka kai su ajiya lokacin tafiyar hutu, ko wajen masu sayar da kwikwiyo a bakin titi. Yana bayyana kwanaki kaɗan bayan haɗuwar. Karen da ke da ƙarfi yakan ci gaba da cin abincinsa, ya warke cikin mako ɗaya zuwa uku. A ware shi daga sauran karnuka. Ga kwikwiyo da tsohon kare kuwa yana iya sauka huhu, don haka kada a jira.

Na uku, cutar da likitocin dabbobi ke kira distemfa. Tana kama karen da ba a yi wa allura ba, ta fara da zazzaɓi, kwantsa a ido, majina mai kauri da tari, daga baya gudawa da amai, ƙarshe ta taɓa ƙwaƙwalwa ya riƙa farfaɗiya. Tana kisa, kuma babu maganin da ke kashe ƙwayar. Allurar da ake farawa tun kwikwiyo yana mako 6 zuwa 8 ita ce kariya.

Na huɗu, ciwon zuciya a karen da ya manyanta, daga shekara bakwai ko takwas zuwa sama. Tarinsa marar ƙara ne, ya fi zuwa da dare ko da asuba, tare da saurin gajiya. Akwai gwajin da kowa zai iya yi a gida: idan karen ya yi barci, ƙirga sau nawa ƙirjinsa ya ɗaga a minti ɗaya. In kullum yana haura 30, a kai shi likita.

Akwai alamun da ba a kwana da su: harshe ko dasashi ya koma shuɗi ko fari fat, numfashi da ƙyar ko da yana kwance, faɗuwa ko suma, tari da jini, ko ƙin abinci kwana guda cur tare da kasala.

Yanzu bari in koma kan cokalin Alhaji, domin nan ne maganar ta shafi ran mutum. Ciwon haukan kare ba kullum yake zuwa da cizo da hargowa ba. Akwai nau'in da ke shanye maƙogwaro da muƙamuƙi, kare ya kasa haɗiya, baki a sake, miyau na dalala, muryarsa ta sauya, mai kallo ya rantse ƙashi ne ya maƙale masa. Ƙwayar cutar tana cikin miyan. Wanda ya zura hannu, in yana da ƙwarzane ko haƙori ya karce shi, ya shiga haɗari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon yana kashe mutum kusan 59,000 a kowace shekara, akasarinsu a Afirka da Asiya, kuma kusan kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Da zarar alamunsa sun bayyana a jikin mutum, kusan babu mai tsira. Saboda haka a koya wa yara: karen da ke shaƙewa ko dalalar da miyau, na gida ne ko na waje, ba a taɓa bakinsa, babba ake kira. Idan an yi cizo ko karta, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana na tsawon minti 15, a tafi asibiti a ranar don karɓar allura, kada a tsaya sa toka ko ganye. Shi kuma kare a yi masa rigakafin hauka yana wata uku, a riƙa sabuntawa duk shekara, a adana katin. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta ƙasa da ke Vom a Jihar Filato ta daɗe tana haɗa wannan allura, don haka ba abu ne da ya gagara samu ba.

Wani kuskuren da muka saba shi ne buɗe akwatin maganin gida. Paracetamol da ibuprofen da muke sha kamar gyaɗa suna iya lalata hanta ko ƙodar kare, ballantana wanda nauyinsa bai wuce kilo biyar ba. Maganin tarin yara da ragowar maganin kashe ƙwayoyin cuta su ma ba nasa ba ne. A nemi likitan dabbobi mai rajista da hukumar da ke kula da likitocin dabbobi ta Nijeriya. Akwai asibitocin dabbobi na gwamnati da masu zaman kansu a cikin birni, ga kuma asibitin koyarwa na likitan dabbobi na Jami'ar Abuja a Gwagwalada. Yaron da ke yawo a babur da sirinji a jaka yana cewa ya iya allura ba lallai ne likita ba.

Sauran aikin na gida ne, kuma ba ya cin kuɗi. A yayyafa ruwa kafin shara. A fitar da kare kafin a kunna turaren wuta ko a fesa maganin sauro, a bar ɗakin ya sha iska kafin ya dawo. A nisanta makwancinsa da janareto, a wanke shimfiɗarsa kowane mako, kada kwanon ruwansa ya bushe. Ranar da hazo ya yi kauri a taƙaita fita da shi. Wannan iskar dai ita yaranku suke shaƙa, mai asma a cikinsu kuma shi zai fi kowa cin moriyar gyaran.

Washegari na tambayi maƙwabcina katin rigakafin kariyar. Da aka lalubo shi a aljihun mota, sai ga shi allurar hauka ta wuce wa'adi da wata biyar. A ranar ya kai ta aka yi mata, likitan kuma ya kalli bidiyon da babban ɗansa ya ɗauka ya tabbatar atishawar baibai ce. Ku ma ku duba naku katin a yau.